Kuɗin haya da haraji a Amurka: amsa ga mai shirin zuwa karatu

Ƙanena, ka tambaye ni ko Amurka tana rage wa ɗan haya haraji, kamar yadda sabuwar dokar harajin Najeriya ta tanadi rangwamen kashi 20 cikin ɗari na kuɗin haya, iyaka naira 500,000, daga Janairun 2026. Gaskiyar magana ita ce gwamnatin tarayyar Amurka ba ta cire ko sisi daga kuɗin hayar gidan da mutum yake kwana a ciki, saboda haka kada ka sa ran wani abu zai dawo maka daga wajenta idan kana lissafin guzurinka.

Wanda dokar Amurka ta fifita shi ne mai zaune a gidan kansa. Daga kuɗin shigar da za a yanka wa haraji, shi yana iya cire kuɗin ruwan da ya biya banki a kan bashin gida har na dala 750,000, tare da harajin gida da yake biya a yankinsa, amma sai idan ya zaɓi jera kuɗaɗen da ya kashe ɗaya bayan ɗaya, ya haƙura da rangwamen bai-ɗaya da ake yi wa kowa, wanda a 2024 ya kai dala 14,600 ga mutum ɗaya, 29,200 ga ma'aurata. Da yake wannan rangwamen yakan fi yawa, mafi yawan masu gidaje ma shi suke ɗauka. A ganina tsarin bai yi wa mai ƙaramin ƙarfi adalci ba, domin wanda ya fi cin moriyarsa shi ne mai babban gida da babban bashi.

Kai kuma da za ka shigo da bizar karatu, a shekaru 5 na farko hukumar haraji ta IRS baƙo take ɗaukarka. Takardar 1040-NR za ka cike idan ka samu albashi, kuma rangwamen bai-ɗayan nan bai shafe ka ba.

Sauƙin da ɗan haya yake samu yana wajen wasu jihohi. Masacusets tana cire rabin kuɗin haya, iyaka dala 4,000, daga kuɗin shigar da za a yanka wa haraji, Indiyana kuwa har dala 3,000, yayin da Kalifoniya take rage wa mai ƙaramin albashi dala 60 kacal daga harajin da zai biya. Kowace jiha da sharuɗɗanta na zama, don haka da zarar ka isa, ka tambayi ofishin ɗalibai baƙi na jami'arku, ka tabbata sunanka yana cikin yarjejeniyar haya, kuma ka riƙa biya ta banki, domin shaidar biya za a nema.