Ga ɗan'uwan da fentin jarumansa ya ƙi bushewa

Salamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce ka fesa wa jaruman HeroQuest ɗinka, wato ƙananan mutum-mutumin roba na wasan allon nan, fentin shimfiɗa, wanda ake fara sawa kafin a ɗora launi, har yau suna danƙo suna kama yatsa, launin da ka ɗora a kai kuma yana ɓarewa, kana tambaya ko zubar da su za ka yi. Kar ka zubar, don Allah. Kuma kar ka yarda wani ya ce maka hannunka ne bai iya ba. Abin da ya same ka shi ya same ni a nan Yamai, har yanzu in na tuna sai raina ya sosu.

Nawa kwalin, fitowar 2021 ta kamfanin Avalon Hill, wani ɗan'uwana ne ya ɗauko mini shi daga Faransa, kun san yadda muke wahala kafin irin kayan nan su iso mana. Na ɗauki ɗaya daga cikin jarumai huɗu na wasan, wadan nan mai gatari, na tafi da shi kasuwa wurin wani mai sai da fenti, na damƙa masa a hannu, na ce Alhaji duba da kyau, roba ce mai laushi, wane fentin fesawa ne zai zauna mata? Ya jujjuya shi, ya yi dariya, ya ce kayan wasan yara ne nake wa wannan ɗawainiya? Ya miƙo gwangwanin fentin mota, ya rantse mini cewa ba abin da ba ya kamawa. Ya kama kam, amma bai bushe ba. Lokacin hunturu ne, ƙura ta shigo ta taga ta manne wa jarumai huɗun nan, mai sihirin ya koma kamar ƙulli-ƙulli. Na koma wurinsa da su, ko haƙuri bai ba ni ba, sai ya ce in jiƙa su da ruwan sirka fentin mai. Mutumin da ya girme ni, sana'arsa ke nan, me zai hana in yarda? Da safe na tarar fuskar ƙaton nan mai takobi ta lalace, hanci ya shafe, tsokar damtsen da aka sassaƙa da kyau ta yi laushi ta saki. Na daɗe zaune ina kallonsa, ko karin kumallo ban iya yi ba. Ba kuɗin ne ya fi ƙona mini rai ba, dariyar nan ce, da yadda ya juya ya ci gaba da cinikinsa ina tsaye.

To dalilin danƙon: yawancin fentin fesawa na mota da na ƙarfe suna da sinadarin narkarwa mai ƙarfi, shi ke haɗuwa da abin da ke sa irin robar nan ta yi laushi, sai fentin ya ƙi ƙamewa ko da ka shanya shi a rana. Kar ma ka shanya, ranar Yamai lanƙwasa takubban za ta yi.

Ka je farmasi ka sayi alkol mai ƙarfi, na 90, in ka samu isofurofil ya fi. Ka jiƙa ɗaya tukuna, ƴan awoyi, ka goge da tsohon burushin haƙori, ka sake jiƙawa in da saura. Sai da haƙuri, lunguna irin gemun wada suna riƙe fenti. Asiton, wato ruwan goge fentin farce, da ruwan sirka fentin mai, kar su kusanci kayanka ko kaɗan. Kuma ka fara gwaji a kan dodannin wasan, ƙwarangwal ko goblin, su da yawa ne a kwalin, jarumi kuwa ɗaya-ɗaya ne.

Bayan sun fita tas, a wanke da sabulun kwanuka da ruwa mai ɗumi. Ko sababbi ne fil sai an wanke, don akwai maiƙon da ake shafa wa mazubi a masana'anta, shi ma yana hana fenti zama. Ni yanzu na bar fesawa gaba ɗaya, shimfiɗar akirilik, wato fentin ruwa, ta kamfanin Vallejo nake shafawa da burushi, siririya, sau biyu. Ko fentin fesawa na kirki ne, a zafin Afrilu da Mayu da ake wuce digiri 40, yana bushewa a iska kafin ya sauka, sai ka ga jikin jarumi ya yi tsakuwa-tsakuwa.

Ba ka tambaya ba amma na san zai zo maka: launi zai riƙa bushewa a bakin burushi kafin ka kai ga idon jarumi. Samu robar abinci mai murfi, shimfiɗa tishu jiƙaƙƙe, ɗora takardar gashin kek a kai, a nan za ka riƙa ɗiga fentinka. Kashe fanka in kana aikin fuska, ka yi bayan asuba kafin gari ya ɗauki zafi. In ka tashi kuma ka kife roba a kan jaruman saboda ƙura.

Wani abu da ke damuna, mu da muke wasa a fada ana shan shayi, hannu duk sikari da maiƙon tsire, kowa ya cafki jarumi ta ka. Sai ka shafa musu banish marar ƙyalli, wato abin da ke kare fenti, bayan ka gama, ka kuma gaya wa abokai su riƙa kamawa ta gindi. Ni na sha faɗa da aminina a kan wannan, har ya yi fushi ya ce na fi son roba da mutane, alhali darare na ɓata a kan alkyabbar mai sihirin nan.

Takobin da ya lanƙwashe, tsoma shi a ruwan zafi ƴan daƙiƙu, miƙe shi da yatsa, sa shi a ruwan sanyi. Ka yi wannan kafin fenti.

Turo hoton gwangwanin da ka fesa, gaba da baya, mu ga abin da ke ciki. In kuma a Yamai kake, ina da sauran shimfiɗa mai ruwan toka a kwalba, ka yi mini magana in ɗiba maka, za ta ishi jarumai huɗun.