Amsa: Haɗa mataimakin AI da Asana

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda mataimakin AI zai riƙa duba ayyukanka a Asana, manhajar tsara ayyuka da bin diddiginsu, yana sabunta su. Abu ne mai yiwuwa, ba sai ka iya rubuta manhaja ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce MCP, ƙa'idar haɗa mataimakan AI da wasu manhajoji, wadda kamfanin AI na Anthropic ya fitar a Nuwamban 2024. Asana na da sabarta ta MCP, wato ƙofar da mataimakin ke bi ya isa ga ayyukanka. Ka ƙara ta a saitin mataimakin, ka shiga da asusunka, ka amince da izini, shi ke nan. In mataimakinka bai san MCP ba, Zapier, dandalin da ke haɗa manhajoji da juna, zai iya shiga tsakani.

Inda na fi so ka lura shi ne izinin. Da izinin asusunka yake aiki, don haka zai iya yin abubuwa da yawa da kake iya yi, har goge aiki. Ni dai shawarata ka buɗe masa asusu daban mai ganin rukunin ayyuka ɗaya tak, kuma ka sa ya nemi amincewarka kafin ya canza komai. Dalili kuwa, wani na iya rubuta umarni a cikin bayanin aiki, mataimakin ya karanta ya ɗauka daga gare ka ne. Mabuɗin API kuma, wato lambar sirrin da ke ba manhaja damar shiga asusunka, kada ka taɓa liƙa shi cikin hira.