Me ya sa fim ɗin ya ƙare a bakin ƙofa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na kalli fim ɗin wata mata da ta bar gidan iyayenta cikin fushi, aka yi shekaru ba a ji ɗuriyarta ba, sai bayan rasuwar mahaifiyarta ta dawo. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, an rufe fim ɗin tana tsaye a ƙofar gida, mahaifinta yana kallonta, babu wanda ya ce uffan. Kuɗi ne ya yanke wa masu shirin, ko kashi na biyu suke tanadi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. A ganina babu ko ɗaya. Ba a cika ɗaukar fim bi da bi ba, sau da yawa ana ɗaukar fitowar ƙarshe tun kafin ta tsakiya, saboda haka ƙarancin kuɗi ba a ƙarshen labari yake bayyana ba. Da gangan aka tsaya a nan, domin abin da labarin ya ɗora zuciyar mai kallo a kai tun farko shi ne ko matar za ta iya haɗiye girman kanta ta koma inda ta baro, kuma da ta tsaya a wannan ƙofa an riga an ba ki amsa. Yafiyar uba kuwa wani labari ne daban, wanda rungumar minti ɗaya ba za ta gamsar ba bayan ɓacin ran shekaru.

Sabo ne ya sa muke jiran a warware mana komai. A Amurka, daga 1934 zuwa 1968, masana'antar Hollywood ta yi aiki da ƙa'idojin tace fina-finai da suka hana a bar mai laifi ya sha ba hukunci, wanda hakan ya ƙarfafa ɗabi'ar rufe labari da sakayya bayyananniya.

Ki sake kallon fitowar da natsuwa. Ta ajiye jakarta ko tana riƙe da ita? Mahaifin ya kauce daga hanya ko ya tare ƙofar? Idan kuma daga cikin gida kyamara take hangen ta, akwai alamar daraktan ya riga ya shigar da ita, ko da ƙafarta ba ta tsallaka ba. Amma in kin duba ba ki ga ko ɗaya daga cikin irin waɗannan alamu ba, ƙorafinki yana kan hanya, domin akwai marubutan da ke fakewa da shiru idan dabara ta ƙare musu.