Filin Tambaya da Amsa: Wuƙar Suwizalan ko Filayar Amurka?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Sana'ata gyaran janareta da haɗa sola. Yayana da ke aiki a Ingila zai zo gida da ƙaramar Sallah, ya ce in zaɓi tsarabata tsakanin wuƙaƙen aljihu biyu masu kayan aiki a ciki: Victorinox SwissChamp ko Leatherman Wave+. An ce ta farkon tana da kayan aiki 33, ta biyun kuwa 18 kacal. Zuciyata ta karkata ga mai 33. Me ka gani? — Mai karatu daga Zariya

AMSA: Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka ce wa Yaya ya kawo maka Wave+, kada lissafin nan ya ruɗe ka.

Bari mu buɗe 33 ɗin mu ga abin da ke ciki. A ƙidayar kamfanin, tsinken sakace ɗaya ne, matsefata ɗaya, zoben rataya makulli ɗaya, ga biro, ga allura, ga gilashin ƙara girman rubutu, ga abin kankare ɓawon kifi, ga abin zare toton kwalbar giya. Duk an ƙera su da kyau, ban raina ko ɗaya ba. Amma kai da rana ke faɗuwa kana tsugune gaban janareta, wanne daga cikinsu zai kwance maka noti? SwissChamp tana da filaya, sai dai 'yar ƙarama ce ƙwarai, ta cire ƙaya ko lanƙwasa siririyar waya. In ka kama noti mai tsatsa da ita ka murɗa, ita za ta sha wuya, notin yana nan inda yake.

Bambancin ya samo asali tun daga yadda aka haifi kowacce. Karl Elsener, wanda ya kafa Victorinox, ya buɗe maƙerarsa a garin Ibach na ƙasar Suwizalan a 1884, ya fara kai wa sojojin ƙasar wuƙa a 1891. Abin da soja ke buƙata a lokacin shi ne ya yanka abinci, ya buɗe gwangwani, ya kwance bindigarsa ya goge. Wato wuƙa ce tun farko, sauran kayan aka yi ta jingina mata. Shi kuwa Tim Leatherman, injiniya ɗan jihar Oregon ta Amurka, yawo suka tafi Turai shi da matarsa a 1975 cikin wata tsohuwar Fiat da ba ta rabo da lalacewa. Yana da wuƙar aljihu, amma kullum abin da yake nema filaya ce. Da ya koma gida ya shekara da shekaru yana ƙoƙarin haɗa su wuri ɗaya, sai a 1983 ya kafa kamfani a birnin Portland ya fitar da ta farko. Saboda haka tasa filaya ce da aka ɓoye wa wuƙa a cikin hannuwanta. Ka tambayi kanka: a rana guda, sau nawa nake yanka, sau nawa nake kamawa in murɗa? Amsar mai gyaran janareta ba ta da wuya.

Abin da ya sa na fi son Wave+ ga mai sana'a irin taka abu uku ne. Filayarta cikakkiya ce mai tsinin baki, tana shiga lungun kafireto ta kamo sifirin ɗin da ya zame. Haƙoran yankan wayarta ba a jikin filayar aka sassaƙa su ba, ɗaura su aka yi da ƙananan sukurori, in sun dakushe ko sun ɓalle sai a cire a sa sababbi. Wannan shi ne babban abin da aka ƙara mata a 2018 a kan tsohuwar Wave ta 1998, kuma ga wanda ke yankan waya kullum ba ƙaramin abu ba ne. Ka roƙi Yaya ya haɗo maka da haƙoran canji tun daga can, don a nan samunsu sai an sha yawo. Na uku, wuƙarta tana buɗuwa da babban yatsa ɗaya ba sai ka ware filayar ba, kuma in ta buɗe tana kullewa. Wuƙar SwissChamp ba ta da makulli, sifirin ne kawai ke riƙe da ita. Ka danna tsininta da ƙarfi kan roba mai tauri, tana iya naɗowa ta sauka a kan yatsunka. Kana kan tsani, hannu ɗaya riƙe da faifan sola, za ka gane darajar wannan.

Tana da nata aibin. Nauyinta giram 241 ne, SwissChamp kuma 185. A aljihun kaftani dukansu biyu jan riga suke yi, suna bugun cinya, ƙarshenta su huda aljihun. Wave+ a kube ake sa ta a ɗamara, in ba ka saba ɗaura bel ba sai ta zauna a jakar aiki. Bakin sukundirebanta gajere ne kuma faffaɗa, ba ya kaiwa ga sukurun da ya nutse cikin rami, irin na murfin wasu inbata. Almakashinta bai kai na Victorinox daɗin yanka ba, wannan ko masoyanta ba sa musu. Sannan ƙarfenta ya fi saurin nuna ɗigon tsatsa in ka bar ta da gumi ko ruwan batir.

In Yaya ya ce lallai sai kayan Suwizalan, to akwai SwissTool Spirit ta Victorinox, wadda ita ma a kan filaya aka gina ta, kuma wajen santsin ƙira da jure tsatsa ta fi Wave+ a ganina. Ita ce kishiyarta ta gaskiya, ba SwissChamp ba.

Abu ɗaya nake roƙonka da shi don Allah. Hannuwan waɗannan filayoyi ƙarfe ne tsirara, babu robar kariya ko kaɗan. Kada ka taɓa wayar da ke da wuta da su, kada kuma ka bari su haɗa kawunan batir biyu. Batirin sola ba ya buƙatar wutar NEPA kafin ya narkar da ƙarfe a hannun mutum. Testa da filaya mai roba su ci gaba da zama a jakarka.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ina so in saya wa maigidana ƙaramar wuƙar aljihu, shi malamin makaranta ne. Na ga iri biyu masu ja da farin kuros, ɗaya an rubuta Victorinox, ɗaya Wenger. Wacce ce ta asali, wacce ce jabu? Kuma wannan kuros ɗin na mene ne? — Wata mai karatu daga Maraɗi

AMSA: Barka kadai, Hajiya. Allah ya bar zumunci. Ba lallai ne akwai jabu a cikinsu ba, don sunayen biyu duk na gaske ne. Wenger kamfani ne na yankin masu jin Faransanci a Suwizalan, asalinsa daga 1893, masana'antarsa a garin Delémont. A 1908 gwamnatin ƙasar ta raba kwangilar wuƙar sojoji gida biyu, rabi ga Elsener, rabi ga Wenger, suka yi kusan shekara ɗari suna goga kafaɗa. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 aka hana shiga jirgi da wuƙa, kasuwarsu ta filayen jiragen sama ta faɗi warwas, Wenger ya jigata, Victorinox ya saye shi a 2005. Daga 2013 aka fara janye sunan Wenger daga kan wuƙaƙe, ya rage a kan agogo da jakunkuna. Saboda haka wuƙar Wenger da za ki gani yau tsohon kaya ce ko ta gwanjo. In kuwa mai shago ya cika tebur da su fil a leda, ki yi hattara.

Farin kuros a kan ja alamar tutar Suwizalan ce, kamfanonin biyu suka ɗora ta don nuna ƙasar da aka yi kayan.

Ga malamin makaranta, Victorinox Tinker nake ba ki shawara. Tsawonta milimita 91, nauyinta wajen giram 60, ba zai ma san tana aljihunsa ba sai ya buƙace ta. Ki lura da kyau, tana da 'yar'uwa mai suna Spartan, kamarsu ɗaya sak, kuma ita ta fi yawa a kasuwa. Ki juya bayansu. A bayan Spartan akwai wani murɗaɗɗen ƙarfe na buɗe kwalbar giya, wanda a gidajenmu zai tsufa bai yi aikin komai ba. A daidai wurin, Tinker tana da sukundireba mai bakin kuros, wanda makanikai ke kira sita, shi ne mai ɗaure hannun tukunya da soket da murfin rediyo. In kina da halin ƙari kaɗan, Super Tinker ta zo da almakashi, kuma mai yanka takarda da kwali a aji zai gode miki. Ke ma ki duba wa kanki Classic, 'yar mitsitsiya mai milimita 58 da giram 21, ana rataya ta a makulli. Almakashinta na yanke zare da farce tsaf, matsefatarta kuma na cire ƙayar da ta shiga ƙafar yaro.

TAMBAYA: Ni direban tirela ne, Kano zuwa Legas. Kuɗin Leatherman ya fi ƙarfina. An nuna mini Gerber, an kuma nuna mini wata a tasha mai sunan Leatherman a jiki, kuɗinta bai kai na cin abincin kwana biyu ba. Wacce zan ɗauka? — Direba daga Kano

AMSA: Allah ya tsare hanya, Malam direba. Ta tashar nan ka bar ta inda ka gan ta. Araha ba ta ado.

An taɓa kawo mini irinta in duba. Daga nesa ba ta da makusa, har da kube da kwali. Na rufe bakin filayar na ɗaga ta saitin hasken taga, sai ga rana tana leƙowa ta tsakanin haƙoran, tsinin ma ɗaya ya goce wa ɗaya. Na kama hannuwan na girgiza, suna ƙwal-ƙwal. Mai ita ya sa ta a wayar ƙarfe ta ɗaurin kaya ya matsa, wayar ba ta yanke ba, haƙorin ne ya lotsa. Wannan gwajin kowa zai iya yi a gaban mai sayarwa. Ta gaske bakinta na haɗuwa daidai tun daga tsini, rubutun jikinta a fili yake ba dishi-dishi ba. Ga Victorinox kuma, ka buɗe babbar wuƙar ka duba gindinta inda aka buga sunan kamfanin, sannan ka mayar da ita a hankali: ta gaske tana ƙarasa rufuwa da kanta da ƙara ƙas, jabu kuwa sai ka tura ta har ƙarshe.

Gerber gida ne mai tarihi, ba a sa shi cikin 'yan jabu. Shi ma a Portland yake, tun 1939, kuma kamfanin Fiskars na ƙasar Finlan ne ya mallake shi tun 1987. Sai dai kayansa hawa-hawa ne. MP600, wadda sojojin Amurka suka daɗe suna riƙewa, bakin filayarta zamowa yake yi daga cikin hannun, ka girgiza ta da hannu ɗaya ya fito ya kulle. Ga wanda ke kwance ƙarƙashin mota, ɗaya hannun riƙe da tiyo, wannan dabara ce mai amfani, kuma tana jure wulaƙanci. Matsalarta sai ka fito da filayar kafin ka kai ga wuƙa. Masu sauƙin kuɗin, irin su Suspension, na aikin gida ne: sifirin na buɗe bakin da kansa, suna da daɗin riƙo, amma ƙananan kayan cikinsu gajeru ne, ba na ba su amanar aikin tirela. In MP600 ta gwanjo ta faɗo hannunka da lafiyarta, ɗauki. In ba ta samu ba, gaskiyar magana ita ce filaya mai kyau guda ɗaya daga 'yan kayan aiki, da Tinker a aljihu, za su fi yi maka aiki a kan wannan kuɗin. Kai da ke da akwatin kaya a mota, ba ka cikin matsin wurin da ya sa aka ƙirƙiro waɗannan abubuwa.

Kada garanti ya ja ka. Leatherman na ba da na shekara 25, Victorinox na ba da na tsawon rai a kan aibin ƙira, kuma suna cika alkawari. Amma sai kayan sun isa hannunsu, kuɗin aikawa daga nan da dawowa kuwa yana iya cinye rabin kuɗin sabuwa.

TAMBAYA: Wuƙata ta Victorinox ta dakushe kuma ta yi tauri wajen buɗewa. In kai wa masu wasa wuƙa? Sannan zan iya tafiya da ita aikin Hajji? — Mai karatu daga Kumasi

AMSA: Alhaji, Allah ya sa a je lafiya a dawo lafiya. Kada ka kai ta ga injin wasa wuƙa. Dutsen injin na adda da wuƙar mahauta ne, wannan siririn bakin kuwa cikin ƙiftawar ido zai cinye shi, zafin kuma ya kashe taurin ƙarfen, ka ga gefen ya yi shuɗi. Ƙarfen Victorinox ba shi da taurin kai, shi ya sa yake saurin dakushewa, shi ya sa kuma yake saurin kamawa. Dutse mai laushi da ɗan ruwa sun isa, in babu ka kifa kofin tangaran ka goga a zoben gindinsa marar sheƙi, gefe da gefe, a hankali.

Taurin kuwa ƙura ce da zaren aljihu suka cushe gaɓoɓin. Ka sa ta cikin ruwan ɗumi, ka yi ta buɗewa da rufewa har ta saki, ka shanya ta bushe sarai, sannan ka ɗiga mata man keken ɗinki ɗigo ɗaya a kowace gaɓa. Ban da man gyaɗa ko manja, daskarewa suke yi su ƙara kama ƙura. In kana yanka abin ci da ita, ka goge bakin tas bayan sa man.

Batun tafiya, ka sa ta cikin babbar jakar da za a auna a wuce da ita ƙasan jirgi. A aljihu ko jakar hannu, jami'an bincike za su karɓe ta tun a filin jirgi. A can ma ka bar ta a masauki in za ka Harami, don ana duba jakunkuna a ƙofofin shiga.