Tambaya da Amsa: Wai har kashi ma sai an turo shi da inji?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ina gaisuwa. Ni ɗalibi ne a Landan, ina zaune wajen Stratford. Akwai wani tsohon gini da nake wucewa ta kusa da shi mai ƙubba da ado sai ka ce coci, sunansa Abbey Mills, shi ne abokina ya ce min wai tashar turo ruwan bayan gida ce, wai ma an gina sabuwa a gefenta tuntuni. Don Allah mene ne na turo shi da inji, ba da kansa yake gangarawa ba? Kuma in inji ya tsufa ba sai a cire a sa sabo ba, mene ne na gina wata tashar daban? Daga wani ɗalibi a Landan.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba da sa'ar karatu. Abokinka bai yi maka ƙarya ba, wannan ginin mai kyau don wannan aikin aka gina shi, ya fara aiki a 1868.

Gaskiyarka ne da kansa yake gangarawa, shi ya sa ake shimfiɗa bututun da ɗan gangare. To amma ka lissafa, kullum ƙasa kullum ƙasa, bayan kilomitoci masu yawa ai bututun ya nutse can cikin ƙasa inda haƙa ba za ta yiwu ba, ga gabashin Landan kuma fadama ce a kwance. Sai a haƙa babban rami ruwan ya taru a ciki, injin ya ɗaga shi sama ya zuba a wani bututun, a sake fara gangara daga nan. A Abbey Mills ana ɗaga shi kamar mita 12 a zuba a babbar magudanar da ta nufi Beckton inda ake tace shi. Injiniya Joseph Bazalgette ne ya tsara wannan duka, bayan zafin 1858 da Kogin Thames ya yi warin da ya addabi ƴan majalisa a zaurensu. Kwalara ta daɗe tana kashe talakawa ba a motsa ba, da wari ya kai hancin manya sai ga kuɗi sun fito, ka ji halin duniya.

Zancen cire tsohon inji a sa sabo kuwa ana yi mana, a nan ɗin ma an yi. Da injinan tururi guda 8 aka fara, a 1933 aka maye gurbinsu da na lantarki a cikin ginin dai. Matsalar ita ce ba injin kaɗai ke tsufa ba. Ruwan nan in ya kwanta yana fitar da wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ita ce ke rikiɗa ta koma asid a jikin bango mai danshi, ta dinga cin kankare da ƙarfe a hankali har ka ga rodi a fili, kuma iskar tana kashe mutum nan take in ya shiga ramin ba kayan kariya. Ga mutane sun ƙaru, ga ruwan sama da yake bin bututu ɗaya da na bayan gida a tsohon tsarin Landan, ramin da aka auna wa mutanen da can ya yi kaɗan.

Amma babban dalilin shi ne wannan, ba ka da yadda za ka ce wa gari guda su dakata da shiga bayi na wata shida kana gyara. Titi sai a rufe a ce a bi ta baya, ruwan famfo a ɗauke a kawo tanka, wannan kuwa dare da rana yana zuwa, da asuba lokacin wanka ya fi yawa, in injin ya tsaya na ƴan awanni ramin ya cika sai ya koma baya ya ɓullo ta murfin titi ko ta bayin gidajen da ke ƙasa-ƙasa. Don haka in za a gyara tsohuwar a inda take dole a kawo injinan haya, a jera bututai a saman ƙasa su zagaye wurin aikin, a ajiye wani injin a gefe ko da na farko zai mutu, ga dizal ga mai gadi da ba ya barci, kuɗin hayar nan kaɗai yakan cinye kaso mai tsoka. A ganina in akwai fili gina sabuwa a gefe ya fi hankali nesa ba kusa ba, tsohuwar na aiki kana gini, ka gwada sabuwar ka tabbatar, sannan ka karkatar da ruwan. Haka aka yi a 1997. Tsohuwar ma ba a rushe ta ba, gini ne da doka ta kare, kuma ana iya tayar da ita ta taimaka in an yi ruwa mai ƙarfi.

Tunda kana can bari in roƙe ka abu ɗaya, jiƙaƙƙen tishu ɗin nan na goge jarirai, da kuma man suya, kada ka zuba su a bayi ko sink. Su ne ke naɗe fankar injin har sai ma'aikata sun ciro shi sun yage da hannu. A 2017 a Whitechapel, nan kusa da kai, an samu dunƙulen mai da tishu mai nauyin tan 130, tsawonsa mita 250, ya toshe magudana.

Mu a gida yawancinmu sokawe ce da motar kwashe shadda, Abuja ce ke da magudanar da ke kai ruwan matatar Wupa. Duk garin da zai yi irin wannan tashar a wajenmu ni tambayata ta farko ita ce wuta, janareta nawa ne kuma wa zai sayi mai.

In kana son ganin injinan tururin da idonka ka je Crossness, wata tsohuwar tashar irin wannan a kudancin kogin Thames, an buɗe ta a 1865, injinanta guda 4 suna nan, an gyara ɗaya mai suna Prince Consort ana tayar da shi ranakun da ake buɗe wa baƙi.