Amsa ga ƙanena mai son zuwa Jamus karanta tsarin sauti

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce ka gama digirin farko a Hausa, kana son zuwa nan Jamus ka yi na biyu a kan tsawon wasali da tsarin gaɓa, abokai kuma suna ta yi maka dariya, wai wa ya taɓa zuwa Turai neman Hausa. Ka kuma tambaya ko zamanka Bahaushe zai sauƙaƙa maka karatun. Masu dariya ƙyale su. Tambayar taka ce zan tsaya a kanta, don a nan na sha kunya.

Makona na biyu a aji, malaminmu ya miƙo mini alli, ya ce in rubuta "gida" da "gidan sarki", in nuna dogon wasali. Na rubuta gidaa, ya gyaɗa kai. Na rubuta gidaan, ya ce in faɗa da bakina. Na faɗa, sai ga wasalin ya fito gajere. Kafin in gama mamaki, wata ɗaliba da ko "sannu" ba ta iya ba ta kawo dalili tiryan-tiryan. Bakina ya san dokar tun ina goye, ni ne ban san ta ba.

Gaɓar Hausa iri uku ce: baƙi da gajeren wasali, kamar "da", baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, kamar "raa" a rana, sai baƙi da wasali da baƙi, kamar "kas" a kasko. Ta farko sassauƙa ce, biyun nan masu nauyi. Abin da Hausa ba ta lamunta shi ne dogon wasali da baƙin rufewa su taru a gaɓa guda. In suka haɗu, wasalin ne zai rage tsawo. Kullum kana cewa "ranka ya daɗe", ka taɓa tambayar ina "i" ɗin rai ta shiga? Inda "i" ɗin "kai" ta shiga a "kansa", da ta "mai" a "man gyaɗa".

Masana sun ba ma'aunin wannan nauyi suna mora. Gajeren wasali mora ɗaya, dogo biyu, baƙin da ya rufe gaɓa ɗaya, gaɓar Hausa kuwa biyu take ɗauka, ba ƙari. Paul Newman ya jawo hankali kan nauyin gaɓa a 1972, da misalan Hausa a gaba-gaba, sannan Larry Hyman a 1985 da Bruce Hayes a 1989 suka gina ra'in mora da za a ɗora ka a kai da zarar ka zo. Kada ka ɗauka ko'ina haka ne. A harshen Lardil na Ostareliya baƙin ƙarshe ba ya ƙara wa gaɓa nauyi, harshen Istoniya kuma matakin tsawo uku gare shi, abin da ya daɗe yana hana masu ra'in barci.

Misalin da ya fi burge ni shi ne jam'i. Wuri, wurare, damo, damame. Kifi, kifaye, zomo, zomaye. Kasko, kasake, gulbi, gulabe. Tsari ɗaya ne, amma gaɓar farko ce ke yanke hukunci: in sassauƙa ce a maimaita baƙi, in mai dogon wasali ce a sa "y", in rufaffiya ce a tsaga kalmar a cusa "aa" a tsakiya. Yaron da ke tallan ƙosai ba ya kuskure a nan.

Laifin makantarmu na rubutun boko ne, wanda ba ya nuna tsawo ko karin sauti. Gari na mutane da garin tuwo rubutu ɗaya, "duka" na jimla da dukan sanda haka. Almajirin da ya iya ajami ya fi mu ido, don shi yana sa alif ko wawu ko ya a bayan dogon wasali. Mawaƙanmu masu bin aruli, wato ma'aunin waƙa na Larabawa, su ma da wannan awon suke auna baiti. Wasalin ƙarshen kalma ya fi wuyar kamawa: baƙon da ya sauka a gidanku dogon "o" gare shi, wanda ake kira Baƙo gajere.

Saboda haka kafin ka fara cike takardun DAAD, hukumar Jamus mai ba ɗalibai tallafin karatu, ɗauki shafi ɗaya na jarida kullum ka sa masa alamar tsawo da karin sauti, ka duba ƙamus mai alamomi ka ga inda ka faɗi. Sauke Praat, manhajar auna sauti, a kwamfutarka, kyauta ce, ka naɗi muryarka kana cewa "dafa" na tukunya da "dafa" na kafaɗa, ka auna da idonka.

Abin da za ka zo da shi wanda ba su da shi a ɗakin karatu shi ne muryoyi. August Klingenheben, malamin Hambug, ya bayyana tun 1928 yadda baƙin ƙarshen gaɓa ke raunana a Hausa: talaka amma talauci, Sakkwato "zamna" da "amre", Kano "zauna" da "aure". Lura, baƙin ya sauya, nauyin gaɓar bai motsa ba. Tunda Inna Basakkwaciya ce, ka zauna da ita da waya mai kyau, a ɗaki ba fanka ba kukan awaki, ka nemi izininta, ka bar ta ta yi hira. Turo mini minti goma na farko tare da alamominka, in gyara maka kafin ka rubuta wa kowane farfesa. Ka gaishe ta, ka ce mata daddawar ta iso.