Filin Bakanike: Vespa ta shekara goma sha biyu a zaure

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Mahaifinmu ya rasu ya bar Vespa 150, irin ta shekarun 1970. Shekara goma sha biyu ke nan tana jingine a zaure. Na taka kik ya ƙi motsi. In ƙara ƙarfi ne, ko ta mutu ke nan? Daga wani mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah Ya jiƙan Malam. Ka ɗauke ƙafarka daga kan kik ɗin nan tun yau. Tsatsa ce ta kama fistin, kuma in ka matsa, ringi zai karye ya kankare cikin silinda, aikin 'yan kwanaki ya koma na wata.

Kwance fulogi, ka zuba kananzir gauraye da ɗan baƙin mai ta ramin. Silindar Vespa kusan kwance take, don haka gefen ƙasa kawai man zai jiƙa. Ka riƙa kishingiɗa mashin ɗin yau dama, gobe hagu, har mako guda. Daga nan cire murfin fanka ka juya ta da hannu, gaba kaɗan, baya kaɗan. In ta ƙi, sake jiƙawa. Guduma ba ta da aiki a nan.

Kafin ka mayar da murfin, leƙa ciki da kyau. Iskar fanka ce kaɗai ke sanyaya injin nan, kuma ɓera na son yin sheƙa a wurin, zanzaro kuma ya toshe bakin salansa da laka.

Tsohon fetur ya riga ya zama danƙo. Wanke tanki, kwance kafireta, ka hura ƙananan ramukanta da iska, kada ka tsokane su da allura. Juye man giya ka sa sabo, SAE 30, kamar rubu'in lita.

Abin da ya fi damuna shi ne robobi biyu da ke rufe gefen karanshaf, wato sandar da fistin ke juyawa a cikin inji. Zafinmu da bushewar hunturu sun gama busar da su. Injin zai tashi lafiya, ka yi murna, alhali iska na kutsawa ta nan tana rage wa fistin mai, sai ya ɗau zafi ya cije kana tsakiyar titi. Na sha ganin Vespa masu kyau sun lalace ta wannan hanya, abin da ciwo. Ka nemi dattijon bakanike da ya taɓa buɗe irinta ya canza su, ko da kuɗin ya yi maka nauyi.

Kuma ka tuna ba ta shan fetur zalla. Kowace lita ɗaya, ka haɗa mililita 20 na man inji mai bugu biyu, wanda ake rubuta 2T a jikin robarsa. Tayoyi da wayar burki kuwa, canza su kafin ka hau, ko da ido ya ce suna da kyau.